Bakwai Ja Mai Zuciya

"Raba kartan nan, Ticha. Ba gaisuwa nic ce ka zo yi ba."

Malam Sirajo ya dubi Kalilu da ke kwance a kan katifa, gefen bakinsa na hagu ya ɗan karkace, hannu ɗaya a shimfiɗe kamar na aro. Kwana tara ya yi a asibiti a Birnin Kebbi kafin likita ya ce a mai da shi Argungu a ci gaba da addu'a, wato dai yadda likitoci ke cewa sun gama nasu. Ɗakin na warin man zafi da albasa, don rumbun albasar Kalilu na jikin taga.

"Mutane na cike da zaure sun zo dubiya," in ji Sirajo. "Mi za su ce in sun ji muna karta?"

"Su ce abin da sunka saba cewa. Raba."

Shekara goma sha tara ke nan suna wannan wasa kullum bayan la'asar, a gindin dogon yaron da ke tsakanin gidajensu. Sunan wasan ashirin da ɗaya: a ba ka kati, ka nemi ƙari ko ka tsaya, wanda ya fi kusa da ashirin da ɗaya bai wuce ba shi ya ci. Da ƙwayar gyaɗa suke yi, wanda ya ci ya cinye. Sirajo ya shekara talatin yana koyar da lissafi, yana da digiri rataye a bango, amma gyaɗar da ya ci a duk shekarun nan ba za ta ƙosar da kaza ba.

Kalilu bai taɓa zama a aji ba. Da ƙuruciya ya bi motar albasa zuwa Ikko, ya samu aikin kwashe kofuna a gidan cacar wani babban otal. Yana kwashe kofuna yana kallon tebur, har ya lura cewa idan ƙananan katuna suka fita da yawa, manya ne suka rage a ciki, kuma a lokacin mai wasa ya fi mai gida sa'a. Shi kuwa Allah ya yi shi ba ya manta abin da idonsa ya gani. Sai ya fara tari a bayan wani Kwara mai caca, don ya ba shi alama, duk lokacin da manyan suka taru. Wata biyu Kwaran na ci kafin masu gida su gane cewa tarin ba na mura ba ne. Suka ɗauki hoton Kalilu suka manna a bakin ƙofa, suka raka shi titi. Har ya tsufa yana alfahari da cewa shi kaɗai ne a unguwar aka taɓa sa wa hoto a gilashi a Ikko.

Ya dawo gida ya tuba, ya kama albasa. Amma kan bai tuba ba. Ya san abin da kowa ya faɗa da ranar da ya faɗa. Matarsa Baiwa ta daina gardama da shi tun a shekarar farko, bayan ya maimaita mata zancenta na watan jiya har da inda ta yi atishawa. Sai ta huce a kan karta. Ƙunshi uku ta jefa a murhu, Sirajo na sayo sabo.

Abin da ya fi ci wa Sirajo rai shi ne ƙarshen wasa. Idan an raba duka saura kati ɗaya a kife, Kalilu zai faɗi ko wane ne kafin a juya. Bai taɓa kuskure ba. Sirajo ya yi ta jiran ranar kamar yadda manomi ke jiran ruwa, har ya tanadi abin da zai ce.

Ya fara rabawa a gefen katifa. Hannun Kalilu mai lafiya na nuni: ƙara, tsaya. Ya ci zagaye na farko da na biyu. A na uku ya nemi ƙari a kan goma sha takwas, ya wuce. Sirajo ya yi kamar bai gani ba.

"Ka san mi likitan nan yac ce?" in ji Kalilu, muryarsa na jan ƙafa. "Wai jini ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gabana yah hwaɗi, da Turanci, shina zaton ban ji."

"Likitoci na faɗin abubuwa da yawa."

"Jiya na nemi sunan ɗiyata Maimuna, sai da nay yi lalube." Ya dubi Sirajo. "Ticha, ba ni da gona ta kirki, ba ni da karatu. Kan ga shi ɗai Allah ya ba ni. In ya ɓalle, da mi za ni riƙe kalmar shahada in lokaci ya yi? Da mi za ni amsa tambaya cikin rami?"

Sirajo ya gyara katunan da ke hannunsa, Kalilu ya ci gaba.

"Shi ya sa nic ce ka raba. In na faɗi na ƙarshe daidai, to kaina na nan, in kwanta da hankalina. In ban faɗa ba, na san inda nike."

Suka ci gaba. Katunan da aka buga suka taru a gefe, har saura ɗaya a kife a ƙarƙashin yatsun Sirajo. Kalilu ya rufe ido. Da can ko numfashi ba ya ja kafin ya faɗa. Yau sai da wata akuya ta yi kuka sau uku a tsakar gida.

"Bakwai ja, mai zuciya."

Sirajo ya ɗaga kusurwar katin ya leƙa. Tara ce baƙa.

Ga ranar ta zo. Jawabin da ya tanada shekara goma sha tara na nan a bakinsa, da karin maganarsa da komai. Ya danne katin da tafin hannu.

"Haka ne," ya ce. "Bakwai ce."

"Juya in gani."

"Na ce maka ita ce. Ƙarya zan yi maka?"

"Kai da ka taɓa ce min ka ci Nkem mai shago a dara ran Talata bayan sallar layya, alhali ranar tana Anaca? Juya."

Daidai nan Baiwa ta yi sallama ta shigo da kofin kunu. Ta dubi mijinta, ta dubi fuskar Sirajo da gumi ke tsattsafowa, ta dubi hannunsa da ke danne da kati kamar ya kama kunama. A bakin ƙofa take tun ɗazu, ta ji komai. Ta ratsa ta tsaya tsakaninsu, hijabinta ya rufe Sirajo ruf.

"Malam, tashi ka sha kunu," ta ce wa mijinta.

"Kauce, Baiwa, muna tsakiyar magana."

"Wace magana? Mutum na kwance rai hannun Allah, shina ta caca da gyaɗa. Ɗaga kanka in gyara matashi."

A bayanta Sirajo ya afka wa tarin katunan. Bakwai ja yake nema. Ya ga sarki, ya ga biyar, ya ga bakwai baƙa har sau biyu, kamar da gangan. Baiwa ta gyara matashi, ta sake gyarawa. Ta waiwaya da wutsiyar ido ta ga malamin lissafi bai gama neman bakwai ba, sai ta ɗauko tarihi.

"Shekara arba'in ina hwaɗi. Ran da anka kawo ni gidan ga, Laraba ce, nic ce maka..."

"Alhamis," in ji Kalilu.

"Laraba."

"Alhamis, an yi ruwa da hantsi, gwaggonki Riskuwa ta zame bakin rijiya."

Sirajo ya samu bakwai ja can ƙasa. Ya kife ta a wurin, ya tura tarar baƙa ƙarƙashin katifa.

"To Alhamis," in ji Baiwa, ta matsa gefe.

Sirajo ya juya katin. Kalilu ya daɗe yana kallon jajayen zukatan nan bakwai. Sannan ya sauke numfashi, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Digiri," ya ce. "Kawo gyaɗata."

Ba ya iya tauna ta. Ya dai riƙe a hannu.

Washegari da hantsi Baiwa ta aika a kira Sirajo. Ya durƙusa a kan Kalilu zai laƙƙana masa kalmar shahada, sai muryarsa ta sarƙe tun a farko. Kalilu ya buɗe ido ya dube shi irin kallon da yake masa idan ya nemi ƙari a kan goma sha tara, ya faɗe ta da kansa tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba. A kanta ya cika.

Da aka zo ɗaga shi don wanka, aka janye katifa, sai ga tara baƙa kwance a kan tabarma. Liman ya sunkuya ya ɗauka da yatsa biyu. Mutum shida ne a ɗakin, duk suna kallo.

"Har a gadon mutuwa?" in ji liman a hankali.

"Nawa ne," in ji Sirajo. "Daga aljihuna ya faɗi."

Liman ya dube shi daga hula har takalmi. "Malam Sirajo. Da girmanka, da karatunka."

"Wallahi kuwa, Allah gafarta malam."

Ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Bayan azahar aka ɗauki makara aka bi ta gaban dogon yaro, inda tabarmarsu ke naɗe a jingine, kaji na tsattsagar ɓawon gyaɗa. Sirajo na biye a baya, tafin hannunsa dafe da aljihu har maƙabarta.