Katakon Tokare Ƙofa

Bakin injin huji ya nutse cikin katakon ya ɓulla ta baya. Tsohon kafintan ya hure garin, ya cusa ƙafa ta huɗu, ya dire kujerar a ƙasa. Ƙafafu uku sun buɗe waje yadda ake so, ta huɗun kuwa ta lanƙwaso ciki kamar mai jin kunya. Yana ɗora hannu, kujerar ta tuntsure.

Katako na biyu ke nan da ya ɓata tun safe, saura ɗaya tak. Kujerar kuma ba ta sayarwa ba ce, ta matarsa ce da aka yi wa aikin gwiwa. Likita ya ce ta daina wanka a tsaye, kada kuma ta kuskura ta faɗi.

Shekara arba'in bawan Allahn nan da ido yake karkata injin. Masu amfani da ma'auni kuwa, 'yan koyo yake ce musu. To, ido na nan garau, hannun ne ya fara rawa, bai kuma gaya wa kowa ba.

"Malam, wannan kujerar wanka ce ko ta mayar da ni asibiti?" in ji matar daga bakin ƙofa, tana dogare da sanda.

"Katakon ne ke da gardama, Hajiya."

"Ai kuwa. Shi ne ma yake zubar maka da shayi a riga kullum."

Tsoho ya sunkuyar da kai yana sosa gemu.

"Je ka ɗauko min abin da ke tokare ƙofar ɗakina."

Ya ɗauko. Guntun katako ne da ya yi baƙi don tsufa, da huji a karkace a tsakiyarsa. Ya juya shi sau biyu kafin ya gane. Ma'auninsa ne na zamanin koyo: ka ɗora shi a kan katako, bakin injin ya bi hujin, ba kuskure. Satin aurensu ya jefar da shi, don amarya ta san gwani ta aura.

"Ba na ce ki sa shi a wuta ba?"

"Ka ce. Me ba ka ce ba a waccan shekarar?"

Ya ɗaure ma'aunin a kan katakon ƙarshe, ita ta danne gefe da tafin hannu. Huji huɗu, kowanne ya kalli kusurwarsa. Da ya buga ƙafafun, ta zauna a hankali, ta jijjiga hagu, ta jijjiga dama. Kujera ko motsi.

"In na faɗi dai, a kanka zan faɗa."

Can ciki iska ta buga ƙofar ɗakin, garam!

"Ka ji ko? Mayar min da abina."

Tsoho ya goge ma'aunin da gefen riga, ya zura shi a aljihu. Ya ɗauki karkatacciyar ƙafar nan, ya jawo zarto.

"Zauna abinki, Hajiya. Bari in yanko miki wani."