Rubutun Gogo Mero

Duk ranar da ka ga dattawa sun sha fararen jallabiya sun nufi asibiti alhali ba su da mara lafiya a ciki, to akwai abin da zai lalace. Hajara matata ta gaya mini haka tun ina naɗa rawani. Na ce mata harkar maza ce.

Aikin 'yata Kubra ne ya kai mu. Ni takalman roba nake sayarwa a Kasuwar Libiya, amma tun da yarinyar nan ta gama makarantar jinya ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a Khartum, sunana Mainasara ya ɓace a unguwarmu ta Dar Salam. Abu Sista, wato Baban Sista, kowa ke kira na. Direban hafila, motar hayar unguwarmu, ma kujerar gaba yake ajiye mini.

Wata tsohuwa aka kawo musu daga Jazira, Gogo Mero, za a yi mata tiyata a ciki. Likita ya ce kada komai ya shiga bakinta, ko ruwa, sai an gama. Da safe danginta suka zo da kwalbar rubutu. Suka ce ai rubutu ba ruwa ba ne, ayar Allah ce. Tsohuwa ta ji Kubra tana Hausa, ta riƙe mata hannu tana cewa, "Jikata, kya bari a yanka ni babu tsari?" Kubra ta ce to, kurɓi ɗaya. Aka kira ta wani ɗakin. Kafin ta dawo an juye kwalbar cikin kwanon kunu, an bi da dabino. A ɗakin tiyata tsohuwa ta yi amai, da ƙyar aka ceto numfashinta. Allah ya yi da sauran kwananta. Aikin Kubra kuwa a ranar ya ƙare.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Abinci sai ta taɓa ta ture. Kullum takan wanke fararen kayan aikinta da ba ta sa ba, ta shanya, ta goge. Ni kuma na ce wa unguwa hutu aka ba ta. Hutu ya yi ta tsawo, har maƙwabcina Ɗantsoho, mai sayar da ruwa a amalanken jaki, ya ce, "Abu Sista, wannan hutun ko minista sai haka."

A ƙasar nan babu abin da zuwan dattawa ba ya gyarawa. Na ga an kashe rikicin jini da shi, na ga an tayar da auren da ya mutu murus. To kora ce za ta gagara? Na zaɓi Malam Idirisu na Omdurman, saboda Larabcinsa irin na huɗuba ne. Na haɗa da Ɗantsoho, don ya fi kowa furfura a layinmu. Na ce musu ɗan kuskure ne aka yi, ban shiga bayani ba, kunya ta hana ni.

"Yaba, don Allah kada ku je," in ji Kubra. "Laifina ne."

"Wa ya ce ba laifinki ba ne? Ai don laifi ake zuwa. Da babu laifi me zai kai mu?"

Ta yafa tob ɗinta, wato lafaya, ta biyo mu. Muka haye gada, muka sauka a kasuwar Suk al-Arabi, muka ƙarasa da ƙafa. A bakin ofis na ce ta tsaya a waje, magana ta manya ce.

Mudir, wato shugaban asibitin, mutumin kirki ne. Ya miƙe tsaye ya tarbe mu, ya sa aka kawo shayi. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi iyalinsa da ba mu sani ba ɗaya bayan ɗaya. Ina shirin yi wa Malam ido ya fara, sai na ga Ɗantsoho ya tattare jallabiya har cinya.

"Ya duktur, tunda Allah ya haɗa mu, gwiwar nan tun damina..."

Na taka masa ƙafa. Ashe mai ciwon ce. Ya yi salatin da sai da mai shayi ya leƙo.

Malam ya gyara murya ya ceci zaman. Ya yi magana a kan afuwa, ya jawo aya, ya kawo hadisi, ya ce yarinya ce kuma ɗan Adam ajizi ne. Wallahi ni kaina sai da idona ya kawo ruwa. Mudir yana ta gyaɗa kai. Na fara tunanin irin ragon da zan yanka.

"Ya Shehu, maganarka gaskiya ce," in ji mudir. "Amma ka san abin da ya faru? Tsohuwa ce daga Jazira ta kusa mutuwa a hannunmu. An ba ta kwalbar rubutu cikin kunu ana gab da tiyata."

Fuskar Malam ta washe.

"Daga Jazira? Ba dai Mero ba? Allahu akbar! Ai ni na rubuta shi. Ɗanta ne ya zo har gida. Ai ta rayu, ko ba haka ba?"

"Ta rayu."

"To ka gani!" Malam ya juyo yana duban mu ɗaya ɗaya. "Numfashi ya ɗauke ya dawo. Ni ne ma na ce musu a haɗa da kunu, tawadar tana da ɗaci."

Mudir ya ajiye kofinsa a hankali. Ni kuwa zufa ta keto mini har cikin rawani.

"Na ji za ku sake yi mata aikin," Malam ya ci gaba. "Kada ka damu, na riga na fara na biyun."

"Wato akwai wata kwalbar tana tafe?"

"Biyu, in sha Allahu. Wannan karon aikin ya fi girma."

Nan Kubra ta turo ƙofa. Ban taɓa jin ta yi magana a gaban manya da murya irin wannan ba, rabi Larabci rabi Hausa.

"Ya duktur, ma'alesh. Waɗannan iyayena ne, ƙauna ta kawo su. Malam bai san ƙa'idar tiyata ba, dangin Gogo ma ba su sani ba. Ni na sani. Na ji kunyar tsohuwa na ce kurɓi ɗaya, kuma na juya baya. Khalas, abin da ya faru ke nan."

Mudir ya daɗe yana kallon ta. Ya ce maganarta tana gaban kwamiti, ba shi kaɗai ke yankewa ba. Ya raka mu har ƙofa, ya ce wa Ɗantsoho ya riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Duk tafiyar shi kaɗai ya ci riba.

Da muka koma gida Hajara ta dube ni, ta dubi rawanina da ya warware.

"An dai sha shayi ko, Baban Kubra?"

Kafin magariba Ɗantsoho ya raba labarin gida gida tare da ruwa. Washegari na tarar da wani mai gyaran rediyo a kujerar gaba ta hafila. Na yi zaton an gama da mu. Sai ga matan unguwa sun cika mana tsakar gida: tunda Sista tana gida wuni guda, ai sai a zo awon jini. Waɗanda ke cewa da ma sun san za a yi haka su ne a gaban layi, hannun riga a naɗe. Kubra ta ɗauko abin awonta. Ranar ta cinye abincinta tas.

Da aka sa ranar sake tiyatar, ta shirya cikin tob na gida ta tafi asibitin a matsayin mai dubiya. Ta ja kujera ta zauna a gefen gadon Gogo Mero. Duk wanda ya shigo da kwano ko kwalba, ta karɓa da ladabi ta tura ƙarƙashin kujera. Na je ɗaukar ta na tarar tsohuwa tana zazzaga mata faɗa.

"'Yar nan ba ki da imani. Wa ya haife ki?"

"Ga shi nan a bakin ƙofa, Gogo. Ki bari a fito da ke, in likita ya yarda ni zan ba ki da hannuna."

Malam ya iso da kwalabensa biyu. Kubra ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko shafawa a jiki tana isarwa maimakon sha. Ya ja gemu, ya ce tana isarwa mana, wasu malaman ma sun fi son ta. Aka shafe Gogo daga goshi har tafin ƙafa, ta shiga tiyata tana ƙyalli. Ta fito lafiya. Malam yana nan yana ba da labari a Omdurman.

Ana cikin shafawar nan mudir ya zo wucewa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi Kubra, ya dubi tarin kwanoni a ƙarƙashin kujerarta, ya wuce. Na tambaye ta me hakan ke nufi. Ta ce, "Yaba, wucewa ya yi."

Fararen kayan suna nan a goge cikin akwati, ta daina wanke su. An ce kwamiti zai zauna bayan Babbar Sallah, amma ba a ce ta wace shekara ba. Ko za su mayar da ita, har yau ban sani ba.