Idon Hagu na Motar Burodi

Kowa a gidan burodin, Kawu yake ce masa, har da mai gidan da ya girme shi. Aikinsa ɗaya ne. Kafin gari ya waye a loda masa burodi mai zafi a tsohuwar motarsa, ya bi doguwar hanyar bayan gari yana sauke wa masu shaguna. Yawancinsu ba su buɗe ba a wannan lokaci, sai ya zuba a akwatin da ke bakin ƙofa ya wuce. Tun da matarsa ta rasu, ɗakinsa ba ya jin muryar kowa sai ta rediyo, ita ma sai an mare ta take magana.

Yana da ɗa guda a wani gari mai nisa. Yaron kirki ne, ba a ce ba. Yana aiko da takalmi, yana aiko da bargo. Kansa ne dai bai cika aikowa ba.

Amma Kawu yana da maƙwabci na hanya. Akwai wata kwana bayan gada inda kullum yake gamuwa da motar ƙwai, tana shigowa gari shi yana fita. Bai taɓa ganin fuskar direban ba, bai san yaro ne ko tsoho ba. Wata rana dai, shekarun baya, mutumin ya ƙifta masa fitila sau biyu, shi ma ya mayar, shi ke nan ta zama gaisuwa. Mai ƙwai ne yake farawa tun daga nesa, don motar Kawu ba ta ɓuya a duhu. Haskenta rawaya ne, kuma fitilar hagu ƙasa take kallo tun ranar da ya goge ta da ginshiƙin ƙofar gidan burodi. Ko matarsa bai taɓa gaya wa zancen gaisuwar nan ba. Me zai ce? Amma in ya doshi gadar nan, sai ya gyara zama.

To, sai hanya ta fara yi masa duhu. Rami sai ya faɗa sannan ya gan shi. Bakinsa ya suɓuce ya faɗa wa ɗansa a waya, ba a yi mako ba sai ga ɗan kwali mai ƙyalli, da ƙwan fitila biyu a ciki.

Ya kai wa mai wayarin da ke bayan kasuwa, wanda ake kira Fiyus saboda saurin tsinkewar haƙurinsa. Fiyus ya juya kwalin, ya shiga shago ya ɗauko wani ƙwan, ya jera su a kan bonet.

"Kawu, ga biyu. Wannan halojin ne, irin na motarka, haskensa rawaya. Wannan da aka aiko maka el-i-di ne, fari fat, ya fi daɗewa, ba ya shan batir. Ka ga 'yar fankar da ke bayansa? Ko kai ba ka da fanka a ɗakinka."

"Sa min na yaron."

"Tsaya in ƙarasa. Gidan fitilarka tsohon yayi ne, madubin cikinsa don halojin aka ƙera shi. In na sa wannan, hasken watsewa zai yi ya shiga idon duk wanda ya tunkaro ka."

"Kowa ya kula da idonsa. Ni nawa nake nema wa magani."

"Naka kuwa likita ne maganinsa, ba ni ba."

"Aiki na kawo maka ko wa'azi?"

Fiyus ya yi tsaki ya sa. Da ya gama ya ce a juya motar ta fuskanci bangon gareji. Ya kunna fitila, ya dubi inda hasken ya sauka, ya girgiza kai.

"Wannan mota taka harara-garke gare ta. Ido ɗaya na neman hanya, ɗaya na neman allurar da ta faɗi."

Ya sa sukundireba ya murɗa har fitilar hagu ta ɗago ta yi daidai da 'yar'uwarta. Kawu na can yana jujjuya kwalin da bai iya karantawa ba, bai ma lura ba.

Washegari hanya ta zama kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Ya ga ramuka, ya ga allunan da ya manta suna nan. Ya ce lallai yaron nan ya san abin duniya. Da ya doshi gada ya gyara zama. Ga motar ƙwai ta ɓullo. Ya jira. Shiru. Ya ce ko barci mutumin yake ji, sai ya ƙifta masa da kansa, abin da bai taɓa farawa ba. Mai ƙwai ya dalle shi da babbar fitila, ya riƙe ta a idonsa, ya danna ham mai tsawo irin wanda ake yi wa ɗan iskan direba, ya wuce.

Kawu ya yi ta tuƙi da ɗigon haske na yawo a idonsa. Shi direba ne, ba sai an fassara masa ba. Mutumin bai gane shi ba. Farar fitila mai ido biyu a tsaye, irinta cike take da hanya, kuma duk zaginsu ake yi.

Taurin kai ya hana shi komawa gareji. Ya ce ai mai ƙwai zai saba. Kwanaki suka yi ta tafiya, kullum ham, kullum dallewa. Daga baya ma mai ƙwai ya daina, sai ya raɓe gefe ya rage gudu har farar fitilar ta wuce, kamar yadda ake kauce wa mahaukacin kare. Wannan ya fi zagin ciwo. Kawu ya lura cewa yanzu yakan kai hantsi ba wanda ya gaishe shi.

Ɗansa ya kira ranar hutu.

"Baba, yaya fitilar?"

"Tana haske."

"Ai na gaya maka. Akwai wani abin da kake so a aiko?"

Kawu ya dubi bargon da ke ninke a kan kujerar da matarsa take zama. "Babu. Ka gaida yara."

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gareji. Fiyus ya leƙo daga ƙarƙashin wani bonet yana murmushin mugunta.

"An zage ka ke nan."

"Cire. Mayar min da rawayan."

"Da ka ji magana da ba ka sha ham ba."

Wannan karon Fiyus bai yi gaggawa ba. Ya ce rabin duhun daga murfin fitilar ne, ya yi yana kamar idon tsohon jaki. Ya goge shi da lallausar samfefa da ruwa, ya bi da man gogewa har ya washe. Ya kama halojin ɗin da ƙyalle, ya buge hannun Kawu da ya miƙo.

"Kar ka taɓa gilashin. Maiƙon yatsa kashe shi yake yi."

Aka juya motar ga bango. Rawayan haske biyu suka sauka daidai wa daida. Fiyus ya fara tattara kayan aiki.

"Ba ka gama ba," in ji Kawu. "Sauke na hagu."

"In sauke? Ni na gyara shi da hannuna."

"Na sani. Mayar da shi yadda ka same shi."

"Kawu, tunda nake ban taɓa ganin wanda ya kawo mota a ɓata masa ba. Gefen nan ba za ka gani da nisa ba."

"Sai in rage gudu. Burodi ba ya zubewa."

Fiyus ya dubi fuskar tsohon, ya sake ɗaukar sukundireba. Ya murɗa. Hasken hagu ya yi ta sulalowa a jikin bango har Kawu ya ɗaga hannu.

"Nan."

"Ka dai je a duba idon nan."

"Na ji."

Ƙwayayen fitilar yaron ya mayar da su kwalinsu, ya ɗora a kan bargo.

Washegari hanya ta koma yadda ya san ta, ko da yake ta ɗan fi da haske. Ya bi ta a hankali. Ya hau gada, hannunsa na kusa da makunnin fitila, amma ya hana shi taɓawa. Motar ƙwai ta ɓullo. Ta fara raɓewa gefe yadda ta saba a 'yan kwanakin nan. Sai ta dawo kan hanyarta. Fitilarta ta ƙifta sau biyu.

Kawu ya mayar. Motocin suka gifta, iska ta ɗan girgiza tasa, duhu ya sake rufe madubi.

"Lafiya lau," ya ce, shi kaɗai a cikin ƙamshin burodi. Ya yi gyaran murya, ya sauya giya, don shagon farko yana da sauran tafiya.