Hocen Herwagana

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka sauka a Gombe, har masinjan ofis sai da ya sayi babur. A shekarar ne Rufa'i ya aika aka ɗauko uwarsa Jumma daga Ƙauran Namoda. Ta sayar da awakinta, ta rabar da tukwanenta ga maƙwabta, ƙanen mijinta marigayi kuwa tun ba ta kai tasha ba ya jibge buhunan gyaɗa a ɗakinta. Wato dai tahowar da ba komawa ta yi. Ɗa guda Allah Ya bar mata, shi ne na fari shi ne auta, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ƙasa ta rufe idonta a kusa da shi.

To, ɗan fari kun san yadda yake wurin matan da. Shekara talatin da biyu Jumma ba ta taɓa kiran sunan Rufa'i ba. "Wancan" take cewa, ko "mai gidan nan". In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ba hira, ba haɗa ido. Duk abin da ke ranta game da shi a kwano take zubawa ta tura masa, tun yana yaro da haka suke magana.

Sai ga shi a Gombe an raba ta da kwanon. Gidan da Rufa'i yake ciki a unguwar Madaki na surukinsa ne, Alhaji Jalo, mai filaye da gidajen haya, kuma shi ya yi masa hanyar kujerar da yake kai a ofis. Matar Rufa'i, Safiyyatu 'yar Alhajin, ba ta taɓa ɗaga wa Jumma murya ba, a faɗi gaskiya. Ita dai kalma ɗaya gare ta: "Goggo, ki huta." Jumma ta doshi madafa, Goggo ki huta. Ta ɗauki tsintsiya, Goggo ki huta. Hutun nan ya fi ɗaurin talala ciwo. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafar kanti fara sol da kifin gwangwani, da yamma taliya. Jumma ta tsakura ta ture. Kafin wata uku zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Hoce take so. Hocen dawa na Zamfara, wanda ake kwaɓa gari a bar shi ya kwana ya yi tsami, a manna a cikin tanderu ya gasu, a ci da ƙuli da yaji da ɗan mai. Ta bi kasuwa rumfa rumfa, ta bi masu abinci na bakin titi a Tudun Wada tana tambaya. Wata mai waina ta ce, "Ho me? Iya, sake faɗa mu ji!" Suka kwashe da dariya suna kwaikwayon bakinta. Ko a gidan ma bakin nata abin kunya ne, don Rufa'i ya daɗe da wanke Zamfarci daga harshensa tas. In abokansa suka tambaya, cewa yake a makarantar kwana a Zariya ya tashi.

Wata Talata da hantsi ta ɓata hanya tana dawowa daga kasuwa, ta faɗa lungunan unguwar Herwagana. Nan ƙanshin ya tare ta. Ta tsaya cak. Ta ce ko yunwa ce ke mata gizo, ta ƙara shaƙa, wallahi shi ne! Ta bi hancinta har ƙofar wani gida mai langa-langa, ta yi sallama.

Wata mace kakkaura ce tsugune gaban tanderu, da ɗan gicciye a wuyanta. Sunanta Juliana, mutuniyar Tangale. Mijinta Jesse ma'aikacin reluwe ne, shekara goma sha huɗu suka yi a Ƙaura, can ta haifi 'ya'yanta duka, su kuma suka taso ba su yarda an ci abinci ba in babu hoce.

Jumma ta nuna tanderun ta ce, "Ɗiyata, mi a wanga?"

Juliana ta ɗago da sauri. "Kai! Mama, wannan bakin na Ƙaura ne! Wace unguwa?"

Ba ta jira amsa ba ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta ɓanɓaro guda mai zafi, ta barbaɗa ƙuli, ta ɗiga mai. Jumma ta gutsura. Ba ta san ta fara kuka ba sai da gishirin hawaye ya shiga bakinta. Ta ci uku a zaune, ta sha ruwan randa, sa'an nan ta share baki ta ce, "Ya yi daɗi, amma kin cika mai ruwa, kuma ba ki bari ya kwana da kyau." Juliana ta yi dariya har da tafi, ta ce to uwar hoce ta zo, sai ta karɓi aikinta.

Daga ranar, Talata da Asabar Jumma na Herwagana. Ta sami wurin da ba a ce mata ki huta. Ta surfa, ta kwaɓa, ta manna, su yi ta hirar Ƙaura, wa ya mutu, wa ya yi hajji. Kumatunta suka ciko. Sai kuma wani tunani ya shige ta ya hana ta sakat. Wancan fa? Yana ɗan shekara shida ya taɓa zura hannu a tanderu don satar hoce mai zafi, har yau tabon na nan a bayan hannunsa na dama, agogon da ya saya bai rufe shi ba. Ta ce a ranta, bari in yi masa da hannuna. In ya ci, ai ya ji abin da na kasa faɗa.

Abin da Jumma ba ta lura da shi ba, katanga ɗaya ce tsakanin gidan Juliana da gidan da ake dafa burkutu. Lungu ɗaya, mafita ɗaya. Direban Alhaji Jalo ya gan ta sau biyu tana fitowa daga lungun, tana dariya ita kaɗai, tana ɗingishi saboda ciwon gwiwa. Shi kuwa bakinsa ba ya ajiya. Safiyyatu ta ji, ta je ta shinshina zanen da Jumma ta shanya, wanda ƙullu ya zuba a kai. Tsamin dawa! Ita da ba ta taɓa ganin hoce ba, me za ta ce in ba burkutu ba? Ta naɗe zanen ta aika gidan ubanta.

Ran Asabar bayan la'asar Jumma ta shigo da ƙwarya rufe da faifai, zuciyarta fari ƙal. Hoce goma sha biyu, ita ta zaɓi dawar, ita ta tsaya kan wutar. Sai ta tarar da falo a cike: Alhaji Jalo a kan babbar kujera, Rufa'i a ƙasa kan darduma, Safiyyatu a bakin ƙofa, zanenta kuma yashe a tsakiya. Ta durƙusa daga gefe ta gaida suruki, kai a sunkuye.

Alhaji bai dube ta ba, da Rufa'i ya yi magana, a hankali, irin ta manya. "Malam Rufa'i, ni ban iya zargi ba. Ga zane nan. Shinshina ka gaya mini."

Rufa'i ya ɗauka ya kai hanci. Jumma ba ta kalli fuskarsa ba, hannunsa ta kalla, hannun mai tabo. Ta ga yatsun sun damƙe zanen sun ƙi saki. Ya gane. Yo ina zai kasa ganewa? A cikin wannan tsamin aka goya shi. Hankalinta ya kwanta, ta ce yanzu zai yi dariya ya warware musu.

Ya ajiye zanen ya ce, "Allah Ya kyauta."

Alhaji ya ce a buɗe ƙwaryar. Safiyyatu ta ɗaga faifan, ta ɗauko guda da yatsu biyu tana juyawa. "Baba, mene ne wannan? Kamar busasshen kashin shanu." Alhaji ya murmusa ya ce, "Ko abincinku ne na can, Malam Rufa'i?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. I. Shi ke nan, da magana ta mutu. Amma in ya ce i, ya zama Bazamfaren ƙauye mai cin hoce a gaban mutumin da ya ba shi gida da kujera da 'ya.

Rufa'i ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san shi ba. Wataƙila irin abin da suke ci ne a can wurin, don ya tare musu ciki."

Kai, ɗan Adam! Jumma ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Baki gare ta, tana iya cewa a je a tambayi Juliana, tana iya cewa ku dubi bayan hannunsa. Amma ta ƙaryata ɗan fari a gaban surukinsa? Ta tona shi? Abin da ya fito kawai shi ne, "Dawa ce." Alhaji ya ce ai ita ma burkutun da dawa ake yin ta. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce shi ba ya korar uwar kowa, amma jikokinsa ba za su tashi suna jin wannan warin a gidansa ba. Ya jaddada kalmar gidansa, ya fita.

Ba a sake zancen ba. Ran Litinin da safe Rufa'i ya sa ƙullin kayanta a bayan sabuwar fijo. Ba ta sami ko sallama da Juliana ba. Hocen nan ta ɗaure shi a tsumma ta rungume, don tafiyar kwana biyu ce a jirgin ƙasa, ta Kafanchan da Kaduna da Zariya, kuma ba wanda ya tuna ya yi mata guzuri. Can kuma abin da ke jiran ta ɗaki ne cike da gyaɗar wani, da tambayar mutane: me kika yi aka maido ki?

A tasha ya nema mata wuri kusa da taga, ya sauka. Ya tsaya a ƙasa yana wasa da makullin mota. Jirgi ya yi kuka na farko. Sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya matso jikin tagar, ya rage murya, bakinsa ya koma na Ƙaura sak kamar bai taɓa barin ta ba.

"Inna... hocen nan, da saura?"

Jumma ta juyo. Yau ba bango ta kalla ba. Ta zuba masa ido, ta ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun ranar da ungozoma ta miƙo mata shi. Ashe haka kamanninsa suke. Ta ɗauki ƙullin gaba ɗaya, ba ta cire ko guda ba, ta miƙa ta taga.

"Ungo, Rufa'i."

Ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Sunan ya fito daga bakinta sumul, yadda za ta kira ɗan kowa a titi. Kunya ai ta ɗa ce, wanda ba ɗa ba me za a ji masa? Ya buɗe baki, jirgi ya yi kuka na biyu ya ja. Amma fa bai mayar da ƙullin ba. Ya cusa shi cikin riga.

Da jirgin ya zo wucewa ta bakin tasha ta hango fijon a ƙarƙashin wata bishiya, an ɗage gilasai duka. Yana ciki ya duƙa, yana turawa hannu baka hannu ƙwarya, yana waige-waige. Matar da ke zaune kusa da ita ta kwance nata guzurin ta ce, "Iya, bismillah." Jumma ta ce ta ƙoshi.