Jirgin da Ya Gangara

Duk ɗan Landan ya san wannan: in jirgin ruwan sarki ya ɗauke ka ya haura kogi, fada za ka. In ya gangara, to Hasumiya ce, kurkukun da ake shiga da kai a fito babu shi.

Ranar Talata da hantsi jirgin ya tsaya a matakalar gidan Sir Lionel Ashcombe, wanda ya shekara goma sha tara yana riƙe da hatimin sarki. Kwana uku kafin nan ya miƙe a majalisa ya ce yaƙin da ake shiryawa wauta ne, sarki kuwa na zaune.

Matarsa Dorcas ta cusa masa safa da guntun cuku a aljihu.

"Mene ne haka kuma?" in ji shi.

"An ce ɗakunan can da sanyi. Da ka iya bakinka, tsoho, da ba mu kai nan ba."

Yana shiga, matuƙa suka juya jirgin ya gangara.

Kyaftin Pike, wanda aka aiko ya tafi da shi, sai sakace haƙori yake yi. Suka kutsa ta ƙarƙashin gada, ruwa ya fantsamo musu. Ga Hasumiya a hagu, ga baƙar ƙofarta ta bakin ruwa. Sir Lionel ya zare zobensa.

"Kyaftin, ka kai wa matata wannan."

"Ni yaronka ne, ranka ya daɗe? Ka kai mata da kanka."

Matuƙa ba su sassauta ba. Ƙofar ta zo daidai su, ta koma baya.

"Ba nan ba ne?" in ji Sir Lionel.

"Nan ina? Sarki ya koma fadarsa ta Greenwich, can gangare, tun jiya. Ba wanda ya gaya maka?"

Wa zai gaya masa? Kwana uku ke nan ko sannu ba wanda ya ce masa.

A Greenwich ko sarki bai gani ba. Wani magatakarda ya karɓi hatimin a soro, ya ce ya koma gonarsa, kada a sake ganinsa a Landan. A hanyar dawowa ya cinye cukun, har ya sam wa Pike.

Dorcas na nan tsaye a matakala.

"Sun kore ni," in ji shi.

Ta kama kansa da hannu biyu ta jijjiga, kamar mai gwada kabewa a kasuwa.

"Yana nan daram. Ba ni safata."