Sunan Uzairu a Takardar Dangora

Shekara goma sha uku ina sakataren kwamitin gasar ƙwallon ƙauyukanmu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kada in yarda da kowa. Dokarmu mai ƙarfi ɗaya ce: ɗan gari ne kaɗai zai buga wa garinsa, in kuma an yi ƙorafi, sai wani ɗan'uwansa na jini ya tsaya ya ce nasu ne. Duk da haka, kowace kaka sai ka ga wani ƙato da ba a taɓa gani a masallacin gari ba ya sa riga, wai ɗan ƙanwar mai unguwa ne da ya tashi a Kaduna. 'Yan haya ke nan, ni kuwa tun daga ɗaurin takalmi nake gane su.

Shi ya sa da kocin Dangora ya miƙo mini takardar 'yan wasansa, na ga lamba tara an rubuta Uzairu Isa, na ɗaga kai na dubi mutumin, sai dariya ta kusa ƙwace mini. Na san wannan doguwar fuska da wushiryar. A Bebeji sunansa Ladan, shi ya ci musu kofi. A Tudun Wada ya yi kaka biyu yana Surajo. A Doguwa har waƙa 'yan kallo suka yi wa Abba. Ko'ina kuma an samo masa kawun da ya tsaya masa. Yanzu gwiwa ta fara gardama, furfura ta leƙo a gemu, an daina nemansa, shi ne ya gangaro Dangora.

Ana saura kwana biyu wasan kusa da na ƙarshe, 'yan Ba'awa, da za su kara da Dangora, suka kawo ƙorafi a kansa. Har ga Allah na ji daɗi. Muka zauna a zauren mai unguwar Dangora, ni da wakilin Ba'awa da kocin Dangora da shi Uzairun.

"Malam Sha'aibu, wallahi wannan karon gaskiya ce," in ji shi. "Nan aka yanke mini cibiya. Wasa ɗaya nake so in buga da sunana kafin gwiwar nan ta zaunar da ni."

Na ce, "Kusan haka ka faɗa a Doguwa."

Ya jero sunayen maƙwabtan gidan marigayi Malam Isa, wanda ya ce shi ne mahaifinsa, bai yi tuntuɓe ba. Ban ko ɗaga gira ba, don na san ana haddace wa ɗan haya irin wannan kamar karatun allo. Mai unguwa, wanda bai daɗe da dawowa gari ya gaji mahaifinsa ba, ya ce shi ba zai iya shaida ba. Sannan ya dubi Uzairun ya ce, "Tashi ka kai mu gonar Malam Isa, ka nuna mana iyakarta."

Na hana koci ya biyo mu, na kuma tsaya a baya ina lura ko wani zai yi masa nuni da ido. Mutumin bai bi hanyar mota ba. Ya ratsa ta bayan makaranta, ya tsallake rafi, ya tsaya a wani fako ya ce da akwai rijiya a nan. Mai unguwa ya waiwayo ya dube ni. Na ce a raina, jiya wani ya zagaya da shi. A bakin gona ya bi layin gamba har gindin wata kaɗanya, ya ce nan iyaka ta lanƙwasa, saboda mahaifinsu ya bar wa maƙwabcinsa Malam Muzammil kunya uku.

A nan ne wani mutum da ke yankan dawa ya miƙe daga cikin kara. Doguwar fuska, ga wushirya. Ko makaho ya shafa ya san gida ɗaya suka fito da Uzairu. Mai unguwa ya raɗa mini cewa Lado ne, babban ɗan Malam Isa.

Uzairu ya durƙusa har ƙasa. "Yaya, barka da aiki."

Lado ya juya wajen mai unguwa. Mai unguwa ya gaishe shi, ya yi masa bayanin abin da ya kawo mu, ya ce kalma ɗaya muke so daga bakinsa.

"Ranka ya daɗe, ina da ƙane mai wannan suna," in ji Lado. "Da Baba ya kwanta ciwon ajali, na tura mutum Doguwa ya kira shi. Ya yini yana tambaya, aka ce masa babu wani Uzairu mai ƙwallo a garin. Kwana tara Baba yana kallon ƙofa. Ni dai tun daga ranar na yarda da maganar mutanen Doguwa."

"Yaya, wallahi saƙon bai iso ni ba."

"Ina zai same ka?"

Mai unguwa ya ce, "Lado, a yi haƙuri. Wannan da ke gabanka fa?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe." Ya sunkuya ya ci gaba da yankan dawarsa.

Na so in kawar da kai, in ce shaidar ido ta wadatar. Amma ga wakilin Ba'awa tsaye yana kallon bakina, dokar kuma ni na rubuta ta da hannuna, ni na yi ta tada jijiyar wuya a kanta. Ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar. Na ɗora takardar a cinyata, na ja layi a kan lamba tara.

Uzairu ya miƙe da ƙyar, yana dafe da gwiwa. Na zaci zagina zai yi, na ma shirya karɓa.

"Malam Sha'aibu, in kun gama da takardar nan, don Allah a ba ni."

"Ka yi me da ita? An soke ka."

"Ba komai, ana iya karantawa," in ji shi. "Ban taɓa ganin sunana a cikin 'yan wasa ba."