Gemun Mai Aski

"Kada ka motsa," in ji Mai aski, reza na kan maƙogwaron wani direba. "Yaushe rabon matarka da zuwa a duba mata nono?"

Ina ƙofar shagona ina auna sukari, na hango direban ya zaro ido a madubi. Ina zai gudu? An ɗaure shi da ƙyalle, kumfa har kunne.

"Haba Mai aski! Da rana tsaka?"

"Ciwo ba ya duba agogo. Ka kai ta."

Haka maƙwabcin nan nawa ya koma tun da aka yi masa aiki. Wani ƙullutu ne ya fito masa a nono, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya share shi ya ci gaba da askinsa. Sai da kan nonon ya shige ciki ya fara ɗigar jini sannan ya je asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ciri ɗan nama aka gwada, aka ce kansar nono ce, har ta kai hammata.

Mazan benci suka samu abin yi. "Namiji da ciwon nono? To saura rigar mama!" Wallahi ni mace sai da na ji masa kunya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɓalle maɓallan riga ya nuna musu tabon.

"Ku kalla da kyau, kallo kyauta ne."

Daga ranar dariya ta mutu. Mata huɗu na sani a layinmu da suka je gwaji saboda bakin mutumin nan, har da ni.

Amma wadda ya fi so ta je ta ƙi. Autarsa ce, malamar makaranta. Likita ya ce ciwon yana bin jini, ga shi kuwa shi ya ɗauke mahaifiyar Mai aski da ƙanwarta. Auta ta taɓa raɗa mini cewa ta ji wani abu kamar ƙwayar wake a nononta na dama.

"Gwaggo, abin da ban sani ba ba zai hana ni barci ba."

Ban riƙe mata sirrin ba. Na tafi kai tsaye na gaya wa uban.

Lokacin ciwon ya riga ya kwantar da shi, shago a rufe. Auta ce ke masa aski a gado. Da ta shigo da ruwan ɗumi da reza sai ya juya fuska bango.

"Ba mai taɓa fuskar nan sai kin je."

"Baba, don Allah."

"Na ce sai kin je."

Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin gashi a haɓarsa ba! Gemu ya tsiro masa fari, buzu-buzu kamar tsohuwar tsintsiya. Yana sosa shi yana tsaki, amma bai janye ba. Masu zuwa dubiya suna tsokanarsa, ya ce, "Ku tambayi malama."

Ranar da ta dawo daga asibiti da filastar gwaji a gefen ƙirji, ita da kanta ta haɗa kumfa. Tana cikin askin ta ɗan yanke shi a kumatu.

"Aikin banza," ya ce, yana dariya, hawaye na bin kumfar. "Amma Allah ya yi miki albarka."

Bai jira sakamako ba. Ya rasu da safe, ina cikin buɗe shago, fuskarsa fes. Na yi kuka kamar yayana ne ya tafi.

Sakamakon Auta ya ce kansar ce, amma ƙarama, ba ta je ko'ina ba. Aka cire.

Jiya na leƙa ta katanga na ga Auta tana shanya. Hannun dama bai fara ɗaguwa sosai ba tukuna, sai take jefa kayan kan igiya da hagu, ɗaya bayan ɗaya, ɗanta yana riƙe da bakin zaninta.